Yadda ma'aikaci zai ci jarrabawar Security+ ba tare da ya ajiye aiki ba

Wanda ya tashi daga ofis ƙarfe biyar, ya sha cunkoso, ya iso gida yara na jiransa, karatun dare ba nasa ba ne. Wata biyu na yi ina gwadawa, kullum da littafi a ƙirji nake farkawa. Sai da na mayar da karatun bayan sallar asuba, awa ɗaya kowace rana, sannan abin ya fara zama.

Fara da zaɓar jarrabawa ɗaya tak. Idan sabon shiga ne kai a harkar tsaron kwamfutoci, Security+, jarrabawar share fage ta ƙungiyar CompTIA, ta ishe ka. Bar CISSP, jarrabawar ƙwararru, tukuna, takardarta sai wanda ya shekara 5 yana aikin. In kuma adireshin IP, wato lambar da ake gane kowace na'ura da ita a sadarwa, har yanzu yana ɗaure maka kai, fara gyara tushe da Network+ ko CCNA, jarrabawoyin sanin yadda ake haɗa kwamfutoci su yi sadarwa.

Daga nan sauke manhajar jarrabawar, wato jerin darussan da za a yi tambaya a kansu, daga shafin CompTIA, kyauta ce. Ta zubin jarrabawar mai lamba SY0-701 fanni 5 gare ta, kuma na gudanar da tsaro yau da kullum shi kaɗai ya kwashe kashi 28 cikin ɗari, don haka can za ka fi daɗewa. Tambayoyi ba sa wuce 90 a minti 90, ana ci da maki 750 cikin 900.

Sai ka biya, ka sa rana, kamar wata uku gaba. Kuɗin ya haura dala 400. Tuna wannan kaɗai ya isa ya hana ka komawa barci bayan asuba.

Bidiyoyin Professor Messer na YouTube kyauta ne, kuma bin manhajar suke daki-daki. Kalli ɗaya ko biyu da safe, ka rubuta abin da ka gane da hannunka. Abubuwan hadda, irin su lambobin ƙofofin da saƙonni ke shiga kwamfuta ta cikinsu (22 ta SSH, 53 ta DNS, 443 ta HTTPS, 3389 ta RDP), zuba su a Anki, manhajar hadda ta waya, ka riƙa bita a cikin adaidaita sahu ko lokacin cin abincin rana.

Asabar ta aikin hannu ce. Ɗora VirtualBox, manhajar da ke ƙirƙirar kwamfuta a cikin kwamfutarka, ka sa Kali Linux (tsarin kwamfuta na masu gwajin tsaro) da wata na'urar gwaji a ciki, ka binciki ƙofofin na'urar gwajin da manhajar Nmap, ka buɗe manhajar Wireshark ka ga saƙonni na kai da komo. Amma kul ka gwada Nmap a kan kwamfutocin ofishinku ba da izini a rubuce ba, wannan na iya raba ka da aikin.

Mako biyun ƙarshe, jarrabawar gwaji kawai, da agogo a gabanka. Duk tambayar da ka faɗi, koma ka gano dalili.

Ana iya zana ainihin jarrabawar a gida ta intanet, sai dai in wuta ko sabis ba su da tabbas a unguwarku, je cibiyar zana jarrabawa ta kamfanin Pearson VUE. Tambayoyin aikin hannu galibi su ke fara fitowa, kuma suna cin lokaci. Yi musu alama ka wuce, ka dawo kansu bayan ka gama sauran.