Boilar Gidan Haya a Ingila: Ka San Ta Kafin Sanyi Ya Kama

Wanda ya sauka Ingila a watan Satumba, lokacin da ɗalibai suka fi zuwa, bai ga ƙasar ba tukuna. Sai ƙarshen Oktoba, bayan an mayar da agogo baya da awa ɗaya, magariba ta fara faɗuwa da wuri, sannan zai gane cewa zaman gidansa gaba ɗaya ya rataya a kan wani farin akwati da ke maƙale a bangon kicin ko cikin kabad. Ita ce boila. Ita ke ba ka ruwan ɗumin alwalar asuba, ita ke ɗumama ɗakin yara. Na ga 'yan'uwa da yawa da suka shekara a gida ba su taɓa tsayawa sun dube ta ba, sai ranar da ta tsaya.

A nan ba a ɗaukar silinda zuwa gidan mai. Gas ta bututun ƙarƙashin ƙasa yake shigowa gida, boila ta ƙona shi ta dafa ruwa, wani ɗan injin turo ruwa ya zagaya da shi cikin rediyetocin da ke jikin bango, waɗannan ƙarafan masu kama da lagireton mota. Wadda aka fi samu a ƙananan gidaje ita ce kombi, wadda ba ta da tankin ajiya: kana buɗe famfo take dafa ruwan nan take.

Tun watan Afrilun 2005 dokar gini a Ingila da Wales ta wajabta cewa kusan duk sabuwar boilar gas da za a saka ta zama mai tattalin wuta. Ka tuna yadda tururi ke taɓa murfin tukunya ya koma ruwa. Tsofaffin boiloli sukan saki hayaƙi da tururi masu zafi su fice waje a banza. Sabuwar kuwa tana tare tururin, ta tsotse zafinsa, shi kuma ya koma ruwa. Daga 2018 ma ba a yarda a saka wadda amfaninta da gas ya gaza kashi 92 cikin 100 ba a Ingila. Don haka idan ka ga farin tururi na fita ta bangon gidanka da safe, kada hankalinka ya tashi, alamar tana aiki ce.

Za ka ji tsofaffin maƙwabta na cewa boilar da can ta fi ƙarko. Akwai gaskiya a maganarsu. Ta da ƙarfe ce zalla, kayan cikinta kaɗan. Ta yanzu tana da fanka, da allon lantarki, da na'urorin auna zafi da matsi, da ƙananan hanyoyin ruwa da datti kan toshe. Ana kyautata mata zaton shekara 10 zuwa 15 idan ana duba ta. Amma abin da na fahimta bayan shekarun da na yi a nan shi ne, yawancin abin da muke kira lalacewa ba lalacewa ba ne. An ƙera ta ne da tsananin taka-tsantsan, da ta ji wani abu ba daidai ba sai ta kashe kanta ta nuna lamba a allo. Sau da yawa abin da ya tsayar da ita ƙarami ne.

Na koyi wannan a ƙarshen Fabrairun 2018, lokacin da wani mugun sanyi ya taso daga Saiberiya ya rufe Birtaniya da dusar ƙanƙara, har aka yi masa laƙabi da dodon gabas. Muna Leeds a lokacin, ɗiyarmu ba ta kai shekara ba. Na tashi da asuba na tarar gidan kamar cikin firij, boila na wani ƙugi kamar mai kurkure baki, ta ƙi kamawa. Na kira ejan ɗin gidan, aka ce masu gyara duk sun cika, sai bayan kwanaki. Uwar ɗiyar ta naɗe ta da bargo biyu ta goya ta. Wani dattijo maƙwabcinmu ne ya fito da ni waje ya nuna mini wani siririn bututun roba da ya fito daga bango ya gangara zuwa magudana. Ruwan nan da tururi ke komawa, ta nan yake fita. Ya daskare a ciki, ruwan ya koma baya, boila ta kashe kanta. Muka ɗumama ruwa a butar lantarki, muka bari ya huce ya zama mai ɗumi, muka yi ta zubawa a kan bututun har muka ji ƙanƙarar ta saki. Na danna maɓallin sake tayarwa, ta kama. A makon nan gidaje masu ɗimbin yawa a faɗin ƙasar sun shiga irin wannan hali, kuma dalilin ɗaya ne.

Saboda haka tun yau, da rana tsaka, fita ka nemo wannan bututun. Yawanci fari ne ko toka-toka. Idan ya daskare, ruwan ɗumi ake zubawa, ba tafasasshe ba, don tafasasshe na iya fasa robar. Ka lura da ƙasa, ruwan da ka zuba zai daskare ya yi santsi. Idan bututun yana sama inda sai da tsani, ka bar wa mai gyara. Ka kuma roƙi mai gidan ya sa a naɗe shi da soson kariya kafin hunturun ƙasar ya zo.

Abu na biyu matsin ruwa ne. A gaban boila akwai ɗan agogo mai allura, ko lamba a allo. Idan boila ta huce, allurar ta kamata ta tsaya tsakanin 1 da 1.5. Idan ta faɗi ƙasa sosai boila ba za ta tashi ba. Kowane kamfanin boila da lambar da yake nunawa idan matsin ya faɗi: Vaillant kan nuna F22, Baxi E119, Ideal kuma F1. A ƙarƙashin boilar akwai ɗan bututu mai makunni ɗaya ko biyu na ƙara ruwa. Ranar da za a ba ka makulli, ka ce wa ejan ko mai gida ya nuna maka yadda ake yi, ka ɗauka a waya. A hankali ake buɗewa, a rufe da kyau. Sau ɗaya ko biyu a shekara ba komai ba ne. Amma idan kullum sai ka ƙara, akwai inda ke yoyo, ka sanar. Rediyeta mai zafi a ƙasa da sanyi a sama kuwa iska ce ta taru a ciki, da ɗan makullin da ake sayarwa a shagon kayan gini ake fitar da ita. Mai sanyi a ƙasa datti ne ya kwanta, wannan aikin masu gyara ne. Mazauna Landan da kudu maso gabas ku ƙara sa ido, ruwanku na da farar ƙasa, irin wadda kuke gani a gindin buta tana taruwa a cikin boila ma.

Na uku shi ya fi sauƙi. Idan mitarka ta kati ce, irin ta wutar da muka saba da ita a gida, kuɗin na ƙarewa gas zai yanke. Ka duba mita kafin ka kira kowa.

Iyakar abin da hannunka zai taɓa ke nan. Mu mutane ne masu son gyara abu da kanmu, ko mu kira wani ɗan'uwa mai hannu ya duba a sauƙaƙe. A kan gas, don Allah kada a yi. Kwance jikin boila ko taɓa bututun gas aikin wanda ke cikin rajistar Gas Safe ne kaɗai, rajistar injiniyoyin gas da doka ta amince da su, wadda ta maye gurbin tsohuwar rajistar CORGI a 2009. Kowane injiniya na da kati mai hotonsa da lambarsa, a bayansa an jera ayyukan da aka yarje masa. Ka nemi ganin katin, ba rashin kunya ba ne, su ma sun saba.

Kuma ba kai za ka biya ba. Dokar masu gida da 'yan haya ta 1985 ta ɗora wa mai gida gyaran kayan ɗumama gida da na ruwan zafi. Dokar gas ta 1998 ta wajabta masa kawo injiniya ya duba kayan gas duk wata 12, ya ba sabon ɗan haya takardar kafin ya tare, wanda ke ciki kuma cikin kwana 28 da dubawar. Ana kiran takardar CP12. Kawaicin da aka raine mu da shi kan sa mu yi shiru muna rawar ɗari don kada a ce mun cika ƙorafi. Ka rubuta saƙo, ba kiran waya kaɗai ba, ka sa kwanan wata da hoton lambar da ke allo, ka faɗi idan akwai jariri ko mai ciki ko tsoho. Idan aka yi ta ja maka rai, sashen kula da lafiyar muhalli na ƙaramar hukumarku na da ikon tilasta wa mai gida.

Ga abin da ya fi damuna. A gida idan sanyin hunturu ya tsananta, kasko ake cikawa da garwashi a shiga da shi ɗaki. Ko a can ana rasa rayuka ta haka, balle nan da tagogi ke da gilashi biyu, ƙofofi a liƙe, iska ba ta da hanyar shiga. Gawayi na fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ba ta da launi. Tana farawa da ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala, mutum ya ɗauka mura ce ya kwanta, bai tashi ba. Idan boila ta mutu, kada a shigo da gawayi ko abin gasa nama cikin gida, kada a kunna murhun gas a bar shi don ɗumi. A nemi hita ta lantarki, a taru a ɗaki ɗaya, ko a tafi gidan 'yan'uwa. Yayyena mata masu turaren wuta, ku koma kaskon lantarki, ko ku buɗe taga. Boila mai matsala ma na iya fitar da wannan iskar, shi ya sa tun 1 ga Oktoban 2022 doka a Ingila ta ce mai gidan haya ya saka na'urar gargaɗi a ɗakin da boila take. Ka danna maɓallin gwajinta ka ji ta yi ƙara. Idan ta yi kuka da kanta, ko ka ji warin gas, ka buɗe tagogi, kada ka taɓa makunnin wuta, ka fitar da kowa, ka kira lambar gaggawa ta gas, 0800 111 999. Kyauta ne, dare da rana.

Kan kuɗin gas, akwai dabara ɗaya da ta fito daga yadda boilar ke aiki. Tururi ba ya komawa ruwa sai ruwan da ke dawowa daga rediyetoci ya gaza digiri 55 ko kusa da haka. Yawancin boiloli an bar su a 70 ko sama, wato tattalin da aka saye su dominsa ba ya samuwa sosai. Idan taka kombi ce, ka rage zafin ruwan rediyeta zuwa 60. Ɗaki zai ɗan jinkirta ɗumama, amma gas zai ragu. Idan gidanku mai tanki ne, kada ka taɓa sai ka tambayi injiniya, domin ruwan tanki sai ya kai 60 yake kashe ƙwayoyin cuta. Kada kuma tsoron kuɗi ya sa ka kashe ɗumi gaba ɗaya. Hukumomin lafiya na ba da shawarar ɗaki ya kai aƙalla digiri 18, kuma gida mai sanyi da danshi shi ke tsiro da baƙin funfuna a bango, mai cutar da ƙirjin yara.

Masu zuwa gida hutun Disamba, kada ku kashe boila daga soket. Ku bar ta a ƙaramin zafi, in ba haka ba ruwa ya daskare a bututu ya fasa shi, ku dawo ku tarar da silin a ƙasa. Gidan da ke da yaro ƙasa da shekara 5, ko mai juna biyu, ko tsoho, ko mai larura, a kira kamfanin gas a ce a sa sunansu a rajistar waɗanda ake fara taimaka wa idan gas ko wuta ta yanke, ba a biyan ko kwabo. Sannan a farkon Oktoba, tun ba a fara jin sanyi ba, ka kunna ɗumin gidan na rabin awa, ka bi rediyetoci ɗaya bayan ɗaya kana dafa su da hannu. Wadda ka ji ba ta yi zafi ba, ka rubuta wa mai gida a ranar, lokacin masu gyara ba su cika ba.