Yadda mai fatsa zai kama kifi ba tare da ya ƙarar da shi ba

Kada ko tsuntsu mai cin kifi yakan far wa ƙanana da raunana, kuma idan kifi ya yi ƙaranci yunwa ce za ta kore shi ya bar wurin. Mai fatsa don nishaɗi ya sha bamban da su. Manya yake nema, masu zalamar cafkar ƙugiya su ne ke fara faɗa masa, kuma ko ya kama ko bai kama ba gobe zai dawo. Shi ya sa dole shi ne zai sanya wa kansa iyaka.

Fara da zaɓen wanda za ka ɗauka. Riƙe matsakaita, ka saki ƙananan da ba su taɓa yin ƙwai ba, ka kuma saki manya-manyan. Ƙwan babbar mace ya zarce na ƙanana biyu da nauyinsu ya kai nata idan an haɗa. A lokacin ƙwai kuwa ka kauce wa bakin gaɓa inda suke sheƙa. Macen karfasa a baki take riƙe ƙwanta, da ka ɗaga ta ta zubar.

Sakin ma yana da ƙa'ida, domin kifin da ya yi iyo ya tafi ba lallai ne ya rayu ba. Danne 'yar ƙayar da ke bayan tsinin ƙugiya da filaya kafin ka jefa. Idan da tana kake ɗanawa, nemi ƙugiya mai lanƙwasa kamar zobe, wadda takan kama gefen baki. Yi amfani da zare mai ƙarfi ka jawo shi da wuri, doguwar kokawa na gajiyar da shi, balle a ruwan ɗumi da iskarsa ba ta da yawa. Jiƙa hannu kafin ka taɓa shi don kada ka goge yauƙin da ke kare fatarsa, kada kuma ka cusa yatsa a wurin numfashinsa.

Daɗewa a wajen ruwa na cikin abubuwan da suka fi kashe su. A wani gwaji da aka yi a Kanada a 1992, kifayen da suka gaji amma ba a fid da su daga ruwa ba kashi 88 cikin 100 sun rayu. Da aka riƙe su a iska daƙiƙa 30 sai ya koma 62, a daƙiƙa 60 kuwa 28 kacal. Saboda haka cire ƙugiya yana cikin ruwa, hoto kuma kada ya wuce daƙiƙa 10. In ya haɗiye ƙugiyar, yanke zaren daf da baki, kada ka tsaya ja. Wanda aka fizgo daga zurfin da ya haura mita 10 jakar iskarsa takan kumbura ya kasa nutsewa. Ko ka mayar da shi ƙasa da dalma mai nauyi, ko ka ɗauke shi ka daina fatsa a wannan zurfin.

Sai rubuta lissafi: awa nawa ka yi, kifi nawa, tsawon kowanne da santimita. Tsawon ya fi adadin faɗin gaskiya. Kifi kan taru a gurbi guda ko da ya ragu, don haka kamu na iya ci gaba da kyau har ranar da zai yanke kwatsam. Irin haka ta faru da wani kifin teku mai suna kod a gaɓar Kanada kafin a hana kama shi a 1992. Idan adadi ya faɗi amma girma na nan, mai yiwuwa kifin ne ya gane ƙugiya, sauya abin ɗanawa ko wuri. Idan kuwa girman ne ke raguwa shekara biyu a jere, rage abin da kake ɗauka, ka bar wannan gurbin ya wuce lokacin ƙwai guda ba a taɓa shi ba.