Darasi na 9: Ƙwayar Ekstasi da Mai Ciwon Baifola

Akwai wani ciwon ƙwaƙwalwa da likitoci ke kira baifola. Yana zuwa ta fuska biyu. Idan ya motsa ta sama, mutum ya daina jin barci. Awa biyu ta ishe shi, ya tashi garau. Magana ba birki, wata na korar wata. Ya ɗauko jarinsa ya rabar, ya yi alkawuran da ba zai iya cikawa ba, yana ganin duk gari babu kamarsa. Wani kuma fushi ne ke zo masa, abu kaɗan ya hau faɗa. Wannan yakan kai mako guda ko fiye.

Idan ya motsa ta ƙasa, sai mutum ya shige ɗaki ya ja ƙofa. Ba ci, ba wanka, ba kasuwa. Duniya ta yi masa zafi, har wani ya fara tunanin kashe kansa. Wannan yakan ɗauki makonni, wani lokaci watanni. A tsakani kuwa, mutum yana iya zama lafiya lau, ya yi sana'arsa, ya riƙe iyalinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 40 ne ke da wannan ciwo.

Abu biyu ne suka fi riƙe mai baifola a tsaye: shan magani kullum, da barci a kan lokaci. Ƙwayar da za mu karanta a yau, waɗannan biyun take fara rushewa.

Wace ƙwaya ce?

Sunanta a wurin masana MDMA. Masu sha suna ce mata Ekstasi ko Moli. Kamfanin Merck na ƙasar Jamus ne ya fara haɗa ta a 1912. Daga baya ta shiga gidajen rawa na Amurka da Turai, Amurka ta haramta ta a 1985. A Najeriya ma haramtacciya ce, hukumar NDLEA tana kama masu sayar da ita. Rahoton binciken shaye-shaye na ƙasa na 2018 ya ƙiyasta masu shanta a Najeriya sun kai 340,000. Ba ta kai wiwi ko tiramol yawa ba, amma ta shigo.

Tana zuwa a ƙaramar ƙwaya mai launi da ɗan tambari a jiki, ko gari a cikin kafso. Ba a kamfanin magani ake yin ta ba, a ɓoye ake haɗawa. Saboda haka mai saye bai san abin da ya saya ba. Wata tana da ƙarfi ninkin wata, wata kuma an cuɗa ta da wasu ƙwayoyin da suka fi ta haɗari.

Bayan minti 30 zuwa 45 da haɗiyewa take fara aiki, ta ɗauki awa uku zuwa shida. A ƙwaƙwalwa akwai sinadarai masu daidaita farin ciki da kuzari da barci, kamar sirotonin da dofamin. Ƙwaƙwalwa tana sakin su kaɗan-kaɗan, gwargwadon buƙata. Ekstasi tana sa ta kwararo su da yawa lokaci guda, kamar magidancin da ya buɗe rumbu ya dafe hatsin shekara a dare ɗaya. A daren mutum yana jin yana son kowa, ba gajiya, ba yunwa, ba barci. Zuciya na bugawa da sauri, jiki ya yi zafi, haƙora na cizon juna har muƙamuƙi ya yi ciwo. Bayan kwana biyu ko uku sai kasala da ƙunci da saurin fushi su biyo baya.

Me ya sa ta fi cutar da mai baifola?

Ku sake karanta abin da ƙwayar ke sa mutum a daren. Sannan ku koma farkon darasi, ku karanta alamomin ciwon idan ya motsa ta sama. Za ku ga kusan abu ɗaya ne. Ga mai lafiya, ƙwayar tana sakinsa idan ƙarfinta ya ƙare. Ga mai baifola, ƙwayar tana iya fita daga jiki amma ciwon da ta tayar ya ci gaba da kansa. Gari ya waye bai kwanta ba, wani daren ma haka, rana ta uku ya fara cewa shi ne zai gyara ƙasa, ko yana jin muryoyi, ko yana zargin matarsa da zuba masa guba. Rashin barci kaɗai, ko da babu ƙwaya, ya isa ya tayar da baifola. To ina ga an haɗa su?

Wannan yana da wuyar ganewa da wuri, domin mai ciwon ba ya jin ciwo. Daɗi yake ji. Idan ka ce masa a je asibiti, zai ce maka bai taɓa samun lafiya irin ta yau ba.

Sai kuma saukowar. Ƙuncin da mai lafiya zai yi kwana biyu ya warware, shi yana iya jefa mai baifola cikin baƙin cikin makonni. Mafi muni shi ne idan yanayin biyu suka haɗu: zuciya a ƙuntace, jiki kuma cike da kuzari, ga rashin barci. A irin wannan hali ne haɗarin kashe kai yake ƙaruwa, don mutum yana da mugun tunanin, yana kuma da ƙarfin aikata shi.

Idan ta tarar da magani a jiki

A nan ne ake kukan targaɗe sai ga karaya. Da yawa daga masu baifola suna shan litiyam. Magani ne mai kyau, amma tazarar da ke tsakanin adadin da ke warkarwa da wanda ke zama guba kaɗan ce ƙwarai, shi ya sa ake auna jinin mai shansa lokaci-lokaci. Idan jiki ya rasa ruwa da gishiri ta hanyar gumi, litiyam yana taruwa a jini. Ekstasi kuwa gumi take sa wa, ga rawa, ga cunkoso. Ku ƙara da zafin watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri, inda ake haura digiri 40. Alamar gubar litiyam ita ce rawar hannu mai ƙarfi, amai, gudawa, tangaɗi, harshe ya yi nauyi, hankali ya rikice.

Haɗa Ekstasi da tiramol wani bala'in ne, tunda duka biyun suna ƙara sirotonin. Idan ya yi yawa sai zazzaɓi mai tsanani, tsoka ta sandare ko ta riƙa zabura, gumi na zuba, har jijjiga irin ta farfaɗiya. Wasu magungunan baƙin ciki da likita ke rubutawa ma suna karo da ita.

Akwai kuma masu dabarar ajiye maganinsu kwana biyu don ƙwayar ta kama su da kyau. A ganina babu dabarar da ta kai wannan muni. Dakatar da litiyam farat ɗaya, shi kansa yana dawo da ciwon.

Shan ruwa da yawa ma ba mafita ba ne. Ƙwayar tana hana jiki fitar da fitsari yadda ya kamata, sai ruwan ya tsinka gishirin jini, ƙwaƙwalwa ta kumbura. A 1995 wata 'yar shekara 18 ta rasu a Ingila ta wannan hanyar.

Wani zai ce ai ya gani a waya cewa Turawa suna magani da Ekstasi. Gaskiya ne ƙasar Ostireliya ta ba wasu likitocin ƙwaƙwalwa izinin amfani da ita tun 2023, amma ga masu ciwon firgici bayan tashin hankali, a gaban likita, da tsabtataccen magani. Hukumar magunguna ta Amurka ta ƙi amincewa da ita a 2024. Manyan gwaje-gwajen da aka yi ma ba su karɓi masu baifola mai tsanani ba.

Abin yi a gida

Idan jikin mutum ya yi zafi rau, ko ya rikice, ko yana jijjiga, a nemi mota zuwa asibiti mafi kusa nan take. Kafin mota ta zo, a kai shi inuwa, a rage masa kaya, a jiƙa jikinsa da ruwa ana fifita. Kada a ɗura masa madara ko manja ko ruwa. Kada a cusa masa cokali a baki. Idan ya suma, a kwantar da shi a kan gefen jikinsa. A tafi da kwalin maganinsa.

A asibiti a faɗi gaskiya. Ga misalin abin da yakan faru:

"Mama, ko ya sha wani abu jiya?"

"A'a likita, ɗana ba ya shaye-shaye. Iskokinsa ne suka tashi."

Sai ƙanen ya matso: "Likita, Yaya ya sha wata ƙwaya ruwan hoda wurin biki, daren Asabar. Kuma tun Alhamis bai taɓa maganinsa ba."

Maganar ƙanen ce za ta nuna wa likita jinin da zai auna da allurar da zai guje wa. Addu'a ba ta hana wannan, a yi ta a hanya.

Idan jikin lafiya amma ya kwana biyu bai runtsa ba, kada a jira ranar da aka rubuta masa a kati. A koma wurin likitansa. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau a Kano. Idan kuma ya ambaci mutuwa, ko da wasa, kada a bar shi shi kaɗai. A kawar da fiya-fiya da maganin feshi da igiya da wuƙa, wani babba ya riƙe maganinsa yana ba shi na kowace rana.

Aikin aji

Rubuta alamomi uku na gubar litiyam a littafinka.

Ku zauna bibbiyu. Ɗaya ya zama yaya, ɗaya ƙane mai baifola da abokai suka gayyata biki. Ƙanen ya ce, "Yaya, rabi kawai zan sha, kuma sau ɗaya ne." Me yayan zai ce masa?