Kurakuran da aka fi yi wajen cin taliya da wake na leda da na gwangwani

Na gaji da ganin amare da ɗalibai suna cika kwando da abincin leda a manyan kantunan Kano, suna cewa ai taliya da wake ne, dole ya gina jiki, alhali babu wanda ya juya bayan ledar ya karanta abin da aka rubuta. Shi haɗin a asalinsa ba shi da aibi ko kaɗan. Furotin ɗin alkama, wato sinadarin gina jiki da ke cikinta, yana da ƙarancin wani sinadari da ake kira laisin, wanda wake ke da shi da yawa, shi kuma wake, hatsi irin su alkama ne ke cike masa gurbin abin da ya rasa. Iyayenmu da ke dafa 'yar murji da wake, su zuba manja da yaji, sun dace da wannan tun kafin a rubuta shi a littafi. Matsalar tana farawa ne a lokacin da aka mayar da girkin cikin leda ko gwangwani, mai saye kuma ya ɗauka cewa abin da ke ciki daidai yake da na tukunyar gida.

Kuskuren da ya fi cutar da ni shi ne na gishiri. Akwai lokacin da aiki ya sha mini kai, na sayi katan guda na irin wannan abinci, na riƙa juye leda ɗaya kowane dare, ina ƙara dunƙule ɗaya a kai saboda bakina ya saba. Bayan wasu watanni na fara tashi da ciwon kai a ƙeya, da aka auna ni a asibiti aka ce jinina ya hau, likita kuma ya tambaye ni abin da nake ci da dare. Da na dawo gida na ɗauko ledar na riƙe ta a gaban taga, sai na ga lissafin sodiyam (sinadarin da ke cikin gishiri) da aka rubuta a jikinta na cin mutum ɗaya ne, ledar kuwa an ƙiyasta ta a matsayin cin mutum biyu. Wato duk abin da na gani a rubuce, ninkinsa nake ci, ban da dunƙulen da nake ƙarawa, wanda shi ma galibinsa gishiri ne.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a rana, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi guda, daidai da miligiram 2,000 na sodiyam. Lissafin ba wuya: a ninka sodiyam sau biyu da rabi, sai a sami gishiri. Idan an rubuta miligiram 800 ga mutum ɗaya, kai kuma ka cinye ledar mutum biyu, ka ci miligiram 1,600, wato giram 4 na gishiri a zama ɗaya, ga kuma miyar rana da ƙosan safe ba a lissafa ba. Ina roƙonku, 'yan'uwa, ku daina ƙara dunƙule a abincin da aka riga aka haɗa shi da kayan ɗanɗano. Ni yanzu rabin ƙullin garin ɗanɗanon da ke zuwa a ciki nake zubawa, in cike da albasa da tafarnuwa da attaruhu. Idan waken gwangwani ne, ina tsiyaye ruwan, in ɗauraye shi a matsami da ruwa mai tsabta, domin gishiri mai yawa a cikin ruwan yake.

Kuskure na biyu shi ne yarda da hoton da ke gaban leda, kuma shi ma na faɗa cikinsa da ɗana lokacin da yake makarantar kwana. Hoton ya nuna wake tuli a kan taliya, na saya masa da yawa ina murna cewa zai sami abin gina jiki. Da ya zo hutu na dafa ɗaya a gabana, na sa cokali ina tonawa, waken da na tara bai cika tafin hannuna ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin kuɗin wake na biya, aka ba ni taliya. Ƙa'idar rubuta kayan haɗi ita ce a fara da wanda ya fi nauyi a bi da na ƙasa da shi, saboda haka idan kun ga an ambaci wake bayan mai ko sitaci, ku san cewa ɗan yayyafi ne. Giram 100 na busasshen wake yana ɗauke da furotin kimanin giram 23 zuwa 25, busasshiyar taliya kuwa kimanin giram 12, kusan rabi ke nan. Abin takaici ne a ce muna zaune kusa da kasuwar Dawanau, a ƙasar da ta fi kowace noman irin wannan wake a duniya, amma mu ciyar da 'ya'yanmu hoton wake. Al'adata ita ce in dafa kwano guda ranar Asabar, in raba a ƙananan robobi in sa a firji, duk lokacin da za a dafa na leda in ƙara ludayi ɗaya.

Wajen dafa waken nan, ku sassauta hannu da kanwa. Tana sa shi nuna da wuri, amma tana lalata bitamin B1, kuma ita ma tana ɗauke da sodiyam. Na fi son in jiƙa shi tun dare, in zubar da ruwan da safe, hakan yana rage kumburin ciki ma. Ku kuma wanke shi sosai, ku guji wanda ke warin magani, domin saboda ragowar maganin ƙwari ne Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen waken Najeriya a 2015.

Shan shayi a kan wannan abinci yana rage yawan sinadarin ƙarfen da jiki ke tsotsa daga wake, wanda ake buƙata don ƙarin jini, shi ya sa nake jinkirta shayi, in yanka tumatir da tattasai ɗanye ko in matsa lemun tsami a kai, domin su suna taimaka wa jiki ya tsotsi sinadarin. Mai ciwon suga kada sunan wake ya ruɗe shi, domin taliyar da ta rinjaye sitaci ce, sai ya rage ta ya ƙara alayyahu ko zogale. Wasu suna kwatanta lissafin busasshen abinci da na dafaffe, alhali taliya tana shan ruwa ta ninka nauyinta fiye da sau biyu, saboda haka lissafin biyun ba ɗaya ba ne.

Kafin ku biya kuɗi, ko a kanti ko a kasuwar Singa, ku duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar wa'adi. Gwangwanin da ya kumbura ko yake yoyo ko ya yi tsatsa a bakinsa, a jefar da shi ba tare da an ɗanɗana ba. Wanda aka buɗe bai ƙare ba kuwa, a juye shi cikin roba mai murfi a sa a firji, idan kuma babu wuta a cinye shi a take.