Agogon fata ko na sarƙa? Ga yadda za ka zaɓa

Kafin ka tsaya gaban mai agogo kana ɗaga wannan kana ajiye wancan, fara duba yadda wuninka yake tafiya. Sau biyar muke sallah, kuma alwala sai ruwa ya kai gwiwar hannu, ko ka cire agogon ko ka tura shi sama, ƙarshe dai a kan hannu mai danshi kake mayar da shi. Ga kuma zafin Afrilu da Mayu, wanda a Kano ko Sakkwato ko Damagaram yake haura digiri 40. Fatar agogo shan zufa take yi, tun tana laushi har ta fara yin baƙi ta ciki, sai wari, sai ramin da kake sa ƙarfen ya yage. Ni na taɓa sayen mai fata ina ɗaurawa kullum ina hawa babur da shi, wallahi bai kai shekara ba ya tsinke, da a kan titi ya faɗi da shikenan na rasa agogon baki ɗaya.

To idan agogo ɗaya gare ka kuma kullum kana cikin rana, kasuwa ne ko gona ko shago, shawarata ka ɗauki mai sarƙa. Amma sarƙar ma kala-kala ce. Juya maƙullin ka duba ko an rubuta Stainless Steel, shi ne ƙarfen da ba ya saurin tsatsa, kamfanoni irin su Seiko da Citizen mafi yawa da shi suke aiki. Sannan ka kalli gaɓoɓin ta gefe, in ka ga kamar falle ne aka naɗe, ga shi ba nauyi yana ta kacau-kacau, to wannan shi ne mai tsinke gashin hannu kuma da wuri yake sakwarkwacewa. Mai kyau za ka ga kowace gaɓa curi guda ce. Masu arhar nan da aka yi wa ruwan gwal ko ruwan azurfa kuwa, zufa tana cinye ruwan cikin 'yan watanni, kuma sau da yawa akwai sinadarin nikel a ƙasa, shi ne yake sa wasu ƙaiƙayi da ƙuraje a daidai inda agogon yake zama. In fatarka tana yin haka da ɗan kunne ko kan bel, kar ma ka fara.

Wajen rage tsawon sarƙar ka tsaya a kan mai gyaran. Ka ce ya cire gaɓoɓi ta ɓangare biyu, ba ta gefe ɗaya ba, don maƙullin ya zauna a tsakiyar hannu. Ɗan ƙaramin yatsanka ya iya shiga ƙasan sarƙar da ɗan matsi, tunda hannu yana ɗan kumbura da zafi. Kuma ka karɓi gaɓoɓin da aka cire ka adana, wata rana za ka neme su. Wankinta ba wuya, tsohon burushin haƙori da ruwan sabulu, sai dai in agogon ba ya jure ruwa a cire sarƙar tukuna.

Duk da haka gaskiya ina son fata. Ba nauyi, ba ta ɗaukar zafin rana kamar ƙarfe, kuma ranar Juma'a ko ɗaurin aure in ka sa shadda da hula, mai ruwan ƙasa ko baƙa tana zama ɗas a ƙasan hannun riga, ba ta kama zaren aikin. Abin lura shi ne da yawa a kasuwa leda ce aka yi wa zanen fata. Shinshina ta, ta gaske tana da ƙamshin jima, ta bogi warin roba take, kuma in ka lanƙwasa ta za ka ga saman yana neman ɓarewa. Ka duba cikin ma, saboda wasu na waje ana yi musu shafi da fatar alade, alamarta ƙananan ɗigo uku-uku a haɗe. In kana Kano ma kana iya zuwa wajen dukawa a Ƙofar Wambai ko Kasuwar Kurmi a yanka maka daidai hannunka, ai fatar jar akuyar Sakkwato tun zamanin fatake ake kai ta har Turai. Ka riƙa cirewa kafin alwala, ka goge hannu ya bushe, in ta jiƙe ka bar ta a inuwa kar ka shanya a rana. Da hunturu ɗan man kaɗe kaɗan yana hana ta tsagewa, sai dai zai ɗan ƙara mata duhu.

Kuma ba dole sai ka sayi agogo biyu ba. Yawancinsu wani ɗan fil ne mai sifirin yake riƙe madaurin, mai gyara zai canza maka cikin minti biyu. Sa rula ka auna tsakanin ƙafafun nan biyu da madaurin yake shiga, galibi na maza milimita 18 ne ko 20 ko 22, na mata ƙasa da haka. Wasu agogon sarƙarsu a haɗe take da jiki, ba sa karɓar wani madauri, shi ya sa ka tafi da agogon kasuwa a gwada a gabanka kafin ka biya.