Kurakuran da sabbin shiga ke yi a tattakin shirin hawa dutse

Wallahi na gaji da maimaita magana ɗaya duk Asabar, shi ya sa na ce bari in rubuta kowa ya karanta. Mu nan Makka muna da 'yar ƙungiya, Hausawa mazauna da ɗalibai, muna fita tattaki bayan gari ta wajen Wadi Nu'uman a hanyar Ɗa'if, don jiki ya saba kafin mu hau Dutsen Saur, daga nan in Allah ya yarda mu wuce Abha mu gwada Jabal Sauda mai tsayin wajen mita 3,000. Amma duk sabon da ya zo sai ya taka sawun na gabansa.

Na farko kuma mafi muni, fita a makare da 'yar gorar ruwa ɗaya a hannu. Wannan ni ya taɓa ci na, har yau in na tuna gabana faɗuwa yake. Shekarar da muka fara, cikin watan Mayu, muka tsaya jiran mutum biyu da suka makara, muka zauna cin ful da tamis, ba mu ɗau hanya ba sai wajen tara. Kafin sha ɗaya ruwan kowa ya ƙare. Ƙanena da ke bayana ya ce "Yaya kaina juyawa yake", na ce daure mun kusa mota, can na waiga na ga ko gumi ya daina yi, maganarsa ma ba ta haɗuwa. Muka kinkime shi zuwa inuwar wata ƙaya, ga babu netwok a cikin kwarin, sai da wani ya hau tudu kafin ya samu ya kira 997, lambar motar asibiti ta gaggawa. Yaron nan a asibiti ya kwana ana masa ƙarin ruwa, ni kuma ina zaune ina tunanin da wane baki zan kira Hajiya a Kano. Amana aka ba ni fa! Tun daga ranar dokata ɗaya ce: ana sallame Asuba mota ta tashi, wanda ya makara ya tari Asabar ta gaba, ko da aminina ne. Kowa lita 3, ina ɗaga jaka in ji nauyinta kafin a shiga mota. Kurɓa ake yi a kai a kai, ba sai ƙishi ya zo ba, da dabino da ƙullin ORS a aljihu. In rabin ruwanka ya tafi to mun juya, ko ina muka kai. Daga Yuni zuwa Satumba kuwa ni ba na taka kwarin ma sam, sama nake hawa Hada ko Shafa, kan duwatsun Ɗa'if, inda iska take da sanyi.

Na biyu, masu cewa ai ni kullum ina ɗawafi da sa'ayi, ƙafata ta saba. Malam, sa'ayi kilomita 3 ne da 'yan kai a kan tayil mai santsi ga sanyin AC, ina haɗinsa da tsakuwa da gangara? Hawan Saur yakan ci awa ɗaya da rabi zuwa biyu, kuma ba hawan ne ke karya mutum ba, saukowar ce. Ni na sayi sabon kambas daren da za mu hau, daidai ƙafata cif, a hanyar sauka yatsuna suka yi ta dukan gaban takalmin har farce biyu suka yi baƙi suka fita, na yi wata guda ko sujada da ƙyar nake kafa yatsun. Yanzu takalmina ya fi ƙafata da lamba ɗaya, sai na yi sati uku ina yawo da shi kafin ya ga dutse, ina yanke farce, safa mai kauri, da sanda don gwiwa. Cikin sati kuma matakalar gidanmu nake hawa in sauka da jaka a baya, kar ka hau da ƙafa ka sauko a lifta, ka bar rabin aikin ke nan.

Ku kuma samari, da ku nake. Wace irin tarbiyya ce ku zura a guje ku bar dattijo sa'an babanku a baya yana haki shi kaɗai, don kawai ku riga kowa ɗaukar hoto ku sa a status? Tare muka fito tare za mu koma. A tafiyata wanda ya fi kowa nawa shi ke gaba, ni ina can ƙarshe, kuma in Baba ya ce a tsaya an tsaya, ba na son jin tsaki.

Sauran ƙanana ne. Silifas a bar shi a mota. Abinci mai nauyi irin su kabsa da mandi sai an dawo. Biran Hada kar ka ba su komai, kar kuma su ga leda a hannunka, fizgewa za su yi. In ka ga hadari ya haɗu a kan duwatsu fita daga cikin kwari ko da inda kake ko ɗigo bai sauka ba, ruwan daga sama yake gangarowa, wanda ya ga ambaliyar Jidda ta 2009 ba sai an yi masa bayani ba. Cika cajin waya, ka faɗa wa na gida inda kuka nufa da lokacin dawowa. Gorar da ka shanye kuma mayar da ita jakarka, Asabar da ta wuce buhu guda na tsinto a hanyar da mu kaɗai muka bi.