Yadda zaka gyara tayar motar katako ta daina cinye mata gudu

Tun hutun da ya wuce yaran layinmu anan Bauchi suka shiga wata harka, su sassaƙa 'yar mota da katako, su jingina falanki a jikin dakali su saketa ta gangaro, babu inji babu batir babu turawa, nauyinta kawai ke janta ƙasa. A Amurka tsohon wasa ne, wani jagoran 'yan sikawut mai suna Don Murphy ya fara shi a 1953 a Kalifoniya, suna ce masa Pinewood Derby, tsawon motar inci 7, nauyinta kuma baya wuce oza 5, wajen giram 142 kenan.

Yaron yayana ne ya kawo min tasa ransa a ɓace, wai Baffa tawa tafi ta kowa kyau amma kullum ita ce ta ƙarshe. Na kaɗa tayar da yatsa, ko juyi biyar bata yi ba ta tsaya cak. To kaga matsalar kenan, tunda babu inji, ɗan ƙarfin da gangara ta baiwa motar shi kenan abinda take dashi, duk inda abu ya gogi abu an ci mata gudu. Kuma wuraren basu da yawa: cikin ramin taya inda take juyawa akan ƙusa, inda take taɓa kan ƙusar, inda take gogar jikin katakon, sai gefen hanya in motar tana karkata.

Fara da ƙusa, nan ne aikin yake wallahi. Ɗauko sabuwar ƙusa ka shafa farcenka a ƙarƙashin kanta, zakaji wasu 'yan layuka da kaifi da injin da ya bugata ya bari, waɗannan su ke kartar robar taya duk juyi ɗaya. Ka samu diril ko aron na kafinta ne, ka sa tsinin ƙusar a bakinsa ka ɗaure, kan yana waje, wani ya riƙe maka shi da kyau yana juyawa, kai kuma ka ɗora ƙaramin magagari a hankali har kaifin ya tafi. Daga nan sai samfefa, ka yanka ta sirara kamar zaren tsumma ka jiƙa da ruwa, ka fara da lamba 400, ka koma 600, sai 1000, in ka samu 2000 wajen masu fentin mota to ka more. Kowacce kamar sakan 15 ya isa. Ƙarshe ka ɗiga makilin a tsumma ka goge har sai ƙusar tana ƙyalli kamar madubi. Amma dan Allah kada ka zage ka rame ƙusar, in ta yi siriri da yawa tayar zata riƙa rawa a kanta, wannan rawar ma cin gudu ce, santsi ake nema ba ragewa ba. Kuma in yaro ne zai yi, babba ya tsaya kusa da diril ɗin.

Tayar kuma, mu nan yawanci daga fasassun motocin roba na wasa ake cirowa. Duba bakinta akwai ɗan tudu inda aka haɗa robar, goge shi kaɗan. Ramin ciki ka shafa makilin a tsinken auduga ka riƙa juyawa, sannan ka wanke tas ka bari ta bushe sosai.

Maganar mai, anan ne mutanenmu suke kuskure. Kowa giris ko man inji yake kawowa, ai motar nan bata da nauyin da zata ture kaurin giris, ga ƙurar garin nan musamman lokacin hunturu, kwana ɗaya man ya kwashi ƙasa ya zama kamar samfefa a cikin taya. Abinda masu gasar can suke sawa garin girafait ne busasshe, kuma shi ne a cikin bakin fensir. Sayi fensir mai laushi irin na masu zane, 6B ko 8B, domin HB na makaranta yumɓun cikinsa yafi yawa, ka goga bakin a samfefa mai laushi ka tara garin a takarda. Zuba a ramin taya, sa ƙusa, kaɗa, sake zubawa, sake kaɗawa, kayi ta yi har minti biyar ko fi kowace taya. Shafa kaɗan a ƙarƙashin kan ƙusa da jikin katakon inda taya ke taɓawa, ni har goge wurin nake da samfefa tukuna, kuma bana barin fenti ya kai wajen sabida fentin da bai bushe ba kama taya yake.

Wajen bugawa kada ka matse taya da jiki, sa katin ATM a tsakani ka tura ƙusar har ta taɓa sannan ka zare katin, tazarar ta yi daidai.

Saura saiti. Ɗan ɗaga ƙafar tebur biyu ka saki motar, in ta miƙe shikenan, in tana jan hagu ko dama akwai ƙusar da ta shiga a karkace, ka riƙa murɗa ƙusar gaba kaɗan kaɗan kana gwadawa har ta daidaita, sannan ka ɗiga gam ta ƙasa nesa da taya. Wasu ma suna ɗaga ɗaya daga tayoyin gaba ta daina taɓa ƙasa, motar ta tafi akan uku, yana taimakawa, amma ku fara yarda da abokan wasa kada rigima ta tashi. In zaka ƙara nauyi, noti ko washa ka liƙa ta baya, ɗan gaba kaɗan da tayoyin baya, banda darma, guba ce a hannun yara.

Ta yaron namu da muka gama na sake kaɗa tayar yana ƙirga da baki, sai da ya kai sha takwas kafin ta tsaya. Yanzu ƙusoshi takwas na abokansa ne a aljihuna, nace su zo ranar Asabar bayan la'asar kowa ya goge nasa da hannunsa.